Sabon kicin a Gusau: jinga ga mutum ɗaya ko a raba aikin?

Magidanci daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ginina ya kai kan kicin, kuma shawara ta rabu mini gida biyu. Wani mai shago ya ce in ba shi jingar aikin gaba ɗaya, ya kawo alluna da dutsen saman kanta da wurin wanke-wanke, yaransa kuma su kafa. Kafintan da ya yi mini ƙofofi kuwa ya ce in sayo kayan da kaina daga Kano, in biya shi kuɗin hannu kawai. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka gani.

Hajiya daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu raba aikin muka yi. An yanko mana allunan a Kano bisa awon da kafinta ya tura ta waya, ashe ya ɗauki awon tun kafin a yi filasta a sa tayil, saboda haka da kaya suka iso sai durowar ƙarshe ta ƙi shiga gurbinta. Mai kaya ya ce abin da aka rubuta masa ya yanka, kafinta ya ce magini ne ya cika kaurin filasta, mu kuma muka sake sayen allo da biyan kuɗin mota. Tun daga ranar nake ganin wanda ya ɗauki awo shi ya kamata ya yanka, shi kuma ya kafa, domin a san wanda za a tuhuma.

Kafinta daga Sabon Gari:
Hajiya ta yi gaskiya, amma jinga ma tana da nata ramin, domin mai jinga daga kayan yake rage wa kansa riba. Alhaji, ka sa a rubuta maka irin allon da kaurinsa a takarda. Allon da muke aiki da shi yawanci ƙafa 4 ne a ƙafa 8, kuma akwai mai kaurin milimita 18, akwai wanda bai kai haka ba, alhali bayan an rufe bakinsa ido ba ya bambance su. Allon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, yana da arha da kyan gani, sai dai idan ruwa ya taɓa shi kumbura yake yi ya riƙa marmashewa, don haka ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba wurinsa ba ne. Nan a sa allo mai jure ruwa ko alminiyam. Idan kuma da katako za a yi, a tabbata busasshe ne, in ba haka ba hunturun farko zai tsage shi. Kada a yarda durowa ta zauna a kan daɓe kai tsaye, saboda gara da ruwan goge-goge.

Ma'aikaci daga Ƙauran Namoda:
Ni jinga na bayar, kuma ban yi nadama ba. Hotunan da mai jingar ya nuna mini a waya ban saurare su ba, na ce ya kai ni gidan da ya yi wa aiki har damina ta wuce a kansa, na buɗe ƙofofin da hannuna, na sunkuya na duba ƙarƙashin famfo. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kafin alƙalami na kayan aiki kaɗai na bayar, cikon kuwa na riƙe har sai da aka saki ruwa muka ga babu inda ke yoyo.

Uwargida daga Talatar Mafara:
Yayana, duk wanda za ka ba, ka fara shiga da mai girkin wurin awo. Su masu shago tsayin santimita 90 suka saba yi, wanda ya dace da yanke-yanke amma ya yi wa tuƙin tuwo a babbar tukunya tsawo. Ni magini na sa ya zuba mini kantar siminti aka lulluɓe ta da tayil, aka bar gefe guda ƙasa-ƙasa, kafinta ya sa ƙofofi kawai. Tukunyar gas ma a waje aka yi mata ɗan ɗaki mai shan iska.

Magidanci daga Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri. Mai famfo da mai wayarin ba su gama ba tukuna, tayil ma saura, don haka na dakatar da awon. Malam kafinta, ko za ka ƙara mini bayani a kan hinjin ƙofa da ba ya saurin tsatsa?