RAM ɗin 8GB zai zauna da 4GB?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, laptop ɗina na da RAM (ma'ajiyar aikin wucin gadi ta kwamfuta) 4GB, samfurin DDR4, na ga 8GB a Kofar Kaura, in na haɗa su zai yi aiki kuwa? Ina tsoron asarar kuɗina wallahi.

Amsa: Zai yi malam, in dai shi ma DDR4 ne kuma ƙaramin nan na laptop, SODIMM, don DDR3 ko shiga ramin ba zai yi ba, tsagar ba waje ɗaya take ba.

Amsa: Ka fara duba ko akwai rami na biyu, wasu laptop ɗin an like musu RAM ɗin a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfuta. In gudun RAM biyun ya bambanta, misali 2400 da 3200, duka za su koma 2400.

Amsa: Tafi da laptop ɗin shagon a gwada a gabanka kafin ka biya.