Ku da kuka koma keke bayan tsadar mai, ya kuke fama da titi?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina, sai na sayi keke na hannu. Daga Kurna nake takawa zuwa Kantin Kwari. Aljihu ya huta, amma raina ne a hannun Allah. Mai adaidaita da zarar ya hango fasinja sai ya yanko gabanka ya taka birki, kai da ke gefe ko oho. Waɗanda suka riga ni, ya kuke yi?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Sammako ne maganin abin, ɗan'uwa. Kafin bakwai titi naka ne. Ni na daina bin manyan tituna, lungunan cikin gari nake ratsawa, gadar Ƙofar Nassarawa ma ba na hawa, ta ƙasa nake bi. Amma gaskiya abin da ya fi ci mini rai idon mutane ne. Ranar da na fara shiga makaranta da keke, wani abokin aiki ya ja ni gefe yana tambaya ko lafiya, ko mashin ɗin aka sayar. An sayar, to sai me? Yanzu shi ma yana tambayata inda ake samun keke mai araha.

Tsohon Mai Faci: Yaro, duba birkinka kafin ka zargi mai adaidaita. Yawancin kekunan da ake kawo mini robar birkin ta cinye, mai shi da ƙafa yake tsayawa. Lokacin zafi kada ka cika wa taya iska, kwalta na ƙuna, tub ɗin fashewa yake. Da hunturu kuma ƙura na cin sarƙa, ɗan baƙin mai ya isa. Sannan ka kiyayi yashin gefen titi, ya fi mota kayar da mutum.

Ɗan Maiduguri: Ku sababbin shiga ne! Mu tun 2011 da aka hana hawa mashin a gari muka rungumi keke. Ma'aikaci, ɗan kasuwa, ɗalibi, kowa feda yake bugawa, ba wanda zai kalle ka sau biyu. Da masu keke suka yi yawa, dole direbobi suka koyi ba mu hanya.

Maman Yara: Malam, ku ƙara da maganar dare. Yarona yana dawowa daga koyon ɗinki bayan isha'i, keken ba fitila, mota ta goge shi ta baya. Allah Ya tsare, gwiwa kawai ya kurje. Na sayo masa fitila mai caji, gaba da baya.

Ɗan Kurna: Allah Ya ƙara kiyayewa, Hajiya. Baba, gobe zan canza robar birkin. Kwaɗo fa, wane iri kuke sawa? An ɗauke keken maƙwabcina a ƙofar masallaci ana sallar la'asar.