Rod Stewart da waƙar Van Morrison: a ina kuka ji ta, me ta yi muku?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokin aikina a kan waƙar nan "Have I Told You Lately". Ya dage cewa Rod Stewart ɓata ta ya yi, wai mutumin da ya yi suna da kiɗan rok da tsalle-tsalle a kan dandamali ba shi da hurumin taɓa waƙar soyayya mai sanyi irin wannan. Ni kuwa a wurina ba wanda ya rera ta kamar shi. Mai waƙar na asali shi ne Van Morrison, ɗan birnin Belfas a Ireland ta Arewa, ya fitar da ita a 1989 cikin kundinsa Avalon Sunset. Rod ya ɗauke ta a situdiyo a 1991, sannan ya sake rera ta gaban jama'a a shirin talabijin na MTV Unplugged a 1993. Ba sharhin jarida nake nema ba. Wanda ya ji ta da kunnensa ya faɗa mana inda ya ji ta da yadda ta zauna masa.

Baba Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:
Wa alaikumus salam ɗana. Gaya wa abokinka ya koma ya yi bincike. Mu da muka tashi da wannan mutumin tun zamanin faifan garmaho mun san ba yau ya fara ɗaukar waƙar wani mai sanyi ya mai da ita tasa ba. "I Don't Want to Talk About It" ta Danny Whitten ce, "The First Cut Is the Deepest" ta Cat Stevens ce, wanda daga baya ya musulunta ya zama Yusuf Islam. Su biyun a faifai ɗaya suka fito, suka kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1977. To ina maganar hurumi?

Wadda kake magana a kanta, a rediyo na fara jin ta, a irin shirin nan na cikin dare da ake gaishe-gaishe. Ina kwance a tsakar gida saboda zafi, rediyo na kan tabarma. Daga jin kaushin muryar na san shi ne, amma sai na ji wani abu da ban saba ji a wurinsa ba. Rod ɗin da na sani saurayi ne mai ji da kansa. Wannan kuwa magidanci ne ɗan shekara 48 yana magana a hankali, kamar yana tsoron kada abin da ya samu ya kuɓuce masa. Washegari na je wurin mai kaset a kasuwa na ce ya nemo mini ita.

Mai Piyano daga Jos:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo wurin. Ni sana'ata ke nan, ina kaɗa piyano a otal da wuraren biki, kuma na daɗe ina bin wannan waƙar da yatsuna. Abin da nake so a bambance shi ne Rod biyu ne a nan. Ta 1991, ta kundin Vagabond Heart, ba ta burge ni. An goge ta, an shafe ta da mai, komai ya zauna daram a inda aka tsara, muryar ma an rufe mata kaushinta. Da a ita ya tsaya, da na goyi bayan abokin Ɗan Sabon Gari.

Ta 1993 wata aba ce dabam. Ku saurara da abin sawa a kunne. Ba ya faɗa wa baiti a daidai bugun kiɗa, yakan ɗan jinkirta, ya bar makaɗa su wuce da taki guda sannan ya biyo. Kana jin shigar numfashinsa. Idan ya zo hawa sama, muryar ba ta fita tas, tana ɗan tsagewa, kuma bai ɓoye tsagewar ba. Wannan shi ne sirrin. Waƙar ba ta da kalmomi masu wuya, ba ta da hawa da sauka mai yawa, ƙaramin yaro ma zai iya bin karinta. Irin wannan waƙa mai zaƙin murya kan kashe ta, don zaƙi kan zaƙi gundura yake kawowa. Tana bukatar muryar da ta sha duniya.

Akwai yaron da muke aiki tare, muryarsa garau, Allah ya ba shi. Ya ce lallai sai ya kwaikwayi dishi-dishin Rod. Ya riƙa matse maƙogwaro yana turo iska da ƙarfi, kafin a tashi daga wasa muryar ta dushe da gaske, kwana da kwanaki yana fama da ruwan ɗumi da zuma da citta. Na ce masa wancan ba salo ba ne da ake ara, haka aka halicci mutumin, shekaru kuma suka ƙara masa.

Maman 'Yan Biyu:
Sannunku. Ni ban san taki ko bugu ba, abin da na gani zan faɗa. Marigayi maigidana ne ya shigo mana da kaset ɗin bidiyon wasan. Ga shi nan zaune a kujera, ga tsohon abokinsa Ronnie Wood da jita a wasu waƙoƙin, ga masu gogen Turawa a baya. Da ya zo kan wannan waƙar, ya sadaukar da ita ga matarsa ta lokacin, Rachel Hunter, sai hawaye suka kawo masa, ya kasa ɓoyewa. Maigidana mutum ne da ba ya iya furta irin waɗannan kalamai, irin mazan da ne, kunya ta yi masa yawa. Amma duk tafiyar da za mu yi daga Zariya zuwa Kano sai ya sa ta a mota, ya ƙara sauti kaɗan, ya mai da ido kan titi bai ce komai ba. Na gane saƙon. Saboda haka ni ba zan iya yi wa wannan waƙar alƙalancin adalci ba, na riga na ɗauki ɓangare.

Malamin Adabi:
Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta. Ku yi mini haƙuri, ni ina ɗaya ɓangaren. Ta Van Morrison na fara sani lokacin da nake karatu a Ingila, wani maƙwabcina ɗan Ireland ne ya ara mini kundin. Avalon Sunset kundi ne da ke cike da begen Ubangiji, kuma a cikinsa wannan waƙar ta fi kama da addu'a. Akwai wurin da take kira a yi godiya a roƙi Mahalicci idan rana ta faɗi. Van yana rera ta ne yadda ba za ka iya rantsewa da mace yake magana ko da Ubangijinsa ba, piyano na tafe a hankali, shi kuma yana tauna kalmomin. Wannan faɗin shi ne darajarta. Rod bai cire baitin godiyar ba, amma ya ƙuntata waƙar, ya mai da ita zance tsakanin miji da mata kawai. Ta yi daɗi, ban musa ba, ta kai ta biyar a Amurka da Birtaniya. Sai dai hawaye ba hujja ba ne a wurin auna waƙa. Wanda yake son ya ji zurfinta ya nemi wadda Van ya sake yi da ƙungiyar The Chieftains, ita ce ta ci kyautar Grammy a 1996.

Wani abin da ke damuna kuma, nasarar wannan salo ce ta share wa Rod hanya zuwa jerin kundayen Great American Songbook, na tsofaffin waƙoƙin Amurka, da ya fara a 2002, har guda biyar. A can na ji kasuwa ta rinjayi zuciya.

Mai Piyano daga Jos:
Malam, a kan kundayen nan na yarda da kai, duk da cewa na ukunsu ne ya kawo masa Grammy a 2005. Amma ƙuntatawar da ka kira aibi, ni ita nake kira ƙarfi. Van yana rera wa sama, Rod yana rera wa mutum ɗaya da ke zaune kusa. Na kaɗa wa mutane duka salon biyu. A salon Van sukan yi tsit su sunkuyar da kai. A salon Rod sai ka ga miji ya juya ya dubi matarsa.

DJ Tudun Wada:
Gaisuwa ga manya. A wurin dina yanzu amare da angwaye waƙoƙin Hausa da na Legas suke so, amma lokaci-lokaci uban amarya ko wata gwaggo kan aiko a ce in sa wannan. Kuma kullum "ta Rod Stewart" ake cewa, yawancinsu ba su taɓa jin sunan Van Morrison ba. Ta 1993 nake sawa, sai dai dole in rage tafin 'yan kallo da ke jikinta don kada ya rikita zaure. Na taɓa gwada ta Van a wani biki, iyaye suka yaba, matasa suka koma kan wayoyinsu.

Anti Nas, Manchesta:
Na samu ganin Rod ido da ido a wani babban zaure a nan Ingila, bayan ya manyanta sosai. A matsayina na ma'aikaciyar jinya abin da ke raina dabam ne. A shekarar 2000 an yi masa tiyatar ciwon daji a maƙoshi, kuma shi da bakinsa ya ce sai da ya sake koyon waƙa daga tushe. Duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan aiki ya san yadda murya kan yi rauni, wani ko magana mai tsawo gagararsa take. To ga mutum ya dawo, har ya hau dandamalin bikin kiɗa na Glastonbury a 2025 yana da shekara 80.

Gaskiya muryar da na ji a daren ba ta kai ta 1993 ba. Ta ragu, wuraren hawa yakan miƙa wa jama'a makirufo su ƙarasa masa. Malamin Adabi zai ce wayo ne na tsohon ɗan wasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a layin da nake, wani dattijo da matarsa, dukansu da furfura, ita tana dogara sanda, sai da suka miƙe tsaye suka rera ta daga farko har ƙarshe. Ɗan Sabon Gari, ka sa wa abokin naka ta 1993 mai hoto, ba sauti kaɗai ba, sannan ka bi masa da ta Van da The Chieftains kamar yadda Malam ya ce. Ka dawo ka faɗa mana wadda ya ce a maimaita masa.