Wane suna za mu ba wa wilderness medicine da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, kwana uku kenan ina juya wannan kalma a raina, wilderness medicine, so nake mu samo mata sunan da in an faɗa Bahaushe zai gane ba sai an zaunar da shi an yi masa dogon bayani ba.

Abin da ake nufi dai shi ne kula da wanda ya ji rauni ko ciwo ya kada shi a inda asibiti ya yi nisa, ba mota ba sabis ɗin waya, sai abin da ke cikin jakarka. Masu koyar da fannin yawanci cewa suke in tsakaninka da asibiti ya haura awa ɗaya to ka shiga wannan babin. Har ƙungiya gare su a Amurka, Wilderness Medical Society, likitoci uku ne suka kafa ta a 1983.

Abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne "maganin daji" ko "likitancin daji", ni kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. A kunnenmu ciwon daji cutar kansa ce. Ku ɗauka wata baiwar Allah mahaifiyarta na kwance da kansa, ta ga an rubuta likitan daji ta taso da murnarta, ashe mai ɗaure karaya ne a kan dutse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a maganar lafiya. Mayar da shi jeji bai raba gardama ba tunda ciwon jeji ma ana faɗa, dawa kuma hatsi za a fara tunawa.

Wani ɗan'uwa ya ce me ya sa za mu wahalar da kanmu, a ce taimakon gaggawa kawai. Na fahimce shi amma akwai bambanci, kuma bambancin lokaci ne. A cikin gari ka danne jini, ka kira motar asibiti, aikinka ya ƙare. A can kuwa kai za ka kwana da shi, wata kila ka sake kwana. Mutum ya karye a ƙwauri, ka samo sanduna biyu ka naɗe su da riga don kada su ci masa fata, ka ɗaure sama da karayar da ƙasanta, sannan duk bayan ɗan lokaci ka taɓa yatsun ƙafar ka ji ko da ɗumi, ka tambaye shi yana jin taɓawar? In sun yi sanyi ɗaurin ya matse sai ka sassauta. Ciwo ka wanke shi da ruwan da za ka iya sha, mai yawa, ka shimfiɗa wa marar lafiyar wani abu ya kwanta a kai domin ƙasa na zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda mutane ke zato. In jini ya ƙi tsayawa har ka ɗaure hannu ko ƙafa tamau to rubuta lokacin da ka ɗaure, likitan da zai karɓe shi sai ya tambaya. Saran maciji kuma ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau, a cire masa zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi a nufi inda allurar kashe dafi take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara sanadin saran maciji. Ga kuma shawara mafi nauyi, a ɗauke shi yanzu cikin dare ko a jira gari ya waye. Taimakon gaggawa bai ɗauke duk wannan ba.

"Likitancin nesa" ma an kawo, ya yi daɗin faɗa, sai dai ya fi dacewa da likitan da ke duba marar lafiya ta waya ko bidiyo, gara a bar musu.

Inda na tsaya shi ne "likitancin dokar daji". Ba mai cewa ciwon dokar daji, don haka kansa ta fita daga lissafi, kuma da ka ce dokar daji an san wurin da ba gida gaba ba gida baya ake nufi, wanda shi ne ainihin maganar. Na san za a ce ai fannin ya haɗa da hamada da teku da ƙanƙara da ciwon da ke kama masu hawan tsauni daga wajen mita 2,500 zuwa sama, ina bishiya a nan? Gaskiya ne, amma ita ma kalmar tasu ba teku take nufi ba tun asali, amfani ne ya faɗaɗa ta, tamu ma za ta faɗaɗa in an riƙe ta. Wanda ba likita ba kuma ya yi ɗan kwas, nasa sai mu kira shi "agajin dokar daji".

Saura guda ɗaya da ta tsaya min, halin da zafin cikin jiki ke faɗuwa ƙasa da digiri 35, mutum ya yi ta karkarwa harshensa ya karye, in abin ya yi tsanani karkarwar ma ta tsaya. Na rubuta "sandarewar sanyi" amma sandarewa kamar ta gawa ce, shi kuwa da ransa kuma ana iya ceto shi. Ma'aikatan jinya da ke nan don Allah me kuke ce masa in kuna yi wa dangin marar lafiya bayani?