Shin Kwaikwayon Kwamfuta Hujja Ne Kan Karon Galaksi?

Malamin Samaru: Assalamu alaikum. Wasu suna cewa kwaikwayon da ake yi a kwamfuta na karon galaksi (wato babban tarin taurari) biyu masu murɗaɗɗun hannuwa zane ne kawai, wai abin da aka zuba wa na'ura shi take mayarwa. Ban yarda ba. Nauyi da gudu da dokar janyowa ta Newton ake ba ta, siffar da za ta fito kuwa babu wanda ya zana. A 1972 Alar da Juri Toomre, wa da ƙane, suka yi wannan lissafi, sai ga dogayen wutsiyoyin taurari irin waɗanda ake gani a galaksi biyun da ake kira NGC 4038 da NGC 4039.

Ɗaliba daga Kongo: Allah ya gafarta Malam, ai su Toomre sun riga sun ga hoton waɗannan galaksi, suka yi ta gyara kusurwa da gudu har ya dace. Ga kuma batun galaksinmu da maƙwabciyarta, galaksin Andiromeda: a 2012, bisa awon na'urar hangen nesa ta Hubble, an ce za su yi karo nan da shekaru kusan biliyan 4, amma a 2025 Till Sawala na Jami'ar Helsinki da abokan aikinsa suka ce yiwuwar haɗuwarsu cikin shekaru biliyan 10 kusan rabi da rabi ce. Wanne za mu riƙe?

Malamin Samaru: Malama, dokar lissafin tana nan yadda take, awon ne ya ƙara inganta. Gudun da Andiromeda take yi wajenmu, kimanin kilomita 110 a daƙiƙa, an auna shi da kyau, amma motsinta na gefe yana da wuyar aunawa daga nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, sannan sabon binciken ya sa janyowar Babban Gajimaren Magellan (wata ƙaramar galaksi da ke kusa da tamu) a lissafi, wadda take karkatar da hanyar galaksinmu.

Injiniya daga Tudun Wada: Malam, a kan janyowa ina tare da kai, amma ba a kan iskar gas ba. Taurari kusan ba sa bugun juna saboda tazarar da ke tsakaninsu, gas ne yake matsewa ya haifi sababbin taurari, kuma a manyan kwaikwayon ɗigo guda a cikin lissafin yakan wakilci dubban taurari, don haka ƙa'idar haihuwarsu mai bincike ne yake sa ta da hannunsa. A nan ƙorafin Malama yana da ƙarfi.

Ɗaliba daga Kongo: To Malam, wutsiyoyin na amince da su, yawan sababbin taurarin kuwa sai an gwada shi da abin da na'urar hangen nesa ta gani.