Ina so in mai da ƙaramin kan jirgina irin na Paraku, ku ba ni shawara

Ɗan Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Bukoki. Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya zo hutu, ya kawo mini ƙaramin kan jirgin ƙasa na hannu, ƙirar Jouef, a ma'aunin HO, wato an rage komai nasa sau 87. Kwaikwayon BB 66000 ne, kan jirgin Faransa mai shan gazuwal. Ya zo da dogo zagaye ɗaya da taransifoma mai bolt 12. Na goge ƙafafun, na ɗiga masa mai, yana tafiya lafiya lau.

Sai dai ni ba jirgin Faransa nake so a kan teburina ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara ashirin yana jan babbar mota tsakanin Paraku da Yamai. A lokacin jirgin OCBN, hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar Benin da Nijar, ke ɗauko kaya daga Kwatano, kilomita 438, ya sauke a Paraku inda dogo ya ƙare, su kuma su biyo da su ta Malanbil da Gaya da Doso. Hoto ɗaya tak ya bar mana daga wurin, an rubuta 1983 a bayansa. Yana tsaye da hularsa a hannu, bayansa kan jirgi ƙirar Alsthom, ɗakin direba a gefe ɗaya, dogon hanci a gaba, harufan OCBN a jiki. Lambar ta fara da BB 6, sauran kafaɗar abokinsa ta rufe. Wannan kan jirgin nake so in fitar.

Launi na riga na haɗa shi daidai da na hoton. Inda na yi ɓarna wajen cire tsohon fenti ne. Na jiƙa tsumma da tina, ruwan sirka fenti, na goga a rufin, nan take robar ta yi laushi, zanen yatsana ya zauna a kai, ƙananan ramukan iska guda biyu suka shafe. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Da me ake cire fenti roba ba ta narke ba? Yaya zan yi rubutun OCBN, tunda hannuna ba zai iya da burushi ba? Kuma in na ajiye shi kusa da hoton sai in ga dogona ya yi faɗi da yawa, ko idona ne?

Malamin Zane, Tawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah shi jiƙan tsoho. Idonka gaskiya ya gaya maka. Dogon HO faɗinsa milimita 16.5 ne, in ka ninka sau 87 zai ba ka milimita 1435, faɗin dogon Faransa ke nan. Na Kwatano zuwa Paraku mita ɗaya ne cif, haka ma wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016. Raba 1000 da 87, ka sami 11.5. Don haka masu wannan sana'a suka fitar da dogo mai milimita 12, suna kiransa HOm. Kamfanonin Peco da Tillig suna yin sa, Bemo kuma na yin jiragen Suwizalan masu hawa kansa.

Amma ina roƙonka kada ka ce za ka matse ƙafafun Jouef ɗinka su dawo 12. Akwatin giya yana tsakanin ƙafafun, babu wurin da za su matso. Wanda ya nace, hanyarsa ita ce ya nemi ƙasan kan jirgi na ma'aunin TT, wanda ya fi HO ƙanƙanta, shi ma a kan milimita 12 yake gudu, ya yanke gangar jikin ya rage mata faɗi ya ɗora. Aiki ne na wanda ya riga ya lalata biyu ko uku ya koya. Kai guda ɗaya gare ka. Bar shi a kan 16.5, ka ɗaga teburin ya zo daidai ido. Daga gefe ake kallon jirgi, kamar yadda mai hoton ya kalle shi, kuma daga gefe faɗin dogo ba ya nuna kansa. In wata rana ka so layin Kano zuwa Maraɗi, dogonka ya yi daidai ba gyara, don shi 1435 ne.

Abin da zai sāke masa kama da gaske shi ne gaba da baya. Jiragen Faransa matokarai biyu gare su, hagu da dama, wato ƙarafan gaba da baya da ke tokare tarago. Duba hotonka da kyau, guda ɗaya za ka gani a tsakiya. Yanke biyun da reza, shafe wurin da samfefa mai laushi, ka kafa ɗaya a tsakiya, kan ƙaramar ƙusa ma ya isa. Ƙarafan riƙo na gefe kuwa, na roba sun cika kauri, canza su da waya mai rabin milimita. BB ɗin da ka gani ma'anarsa kujerun ƙafafu biyu, kowace da gatari biyu masu ja, wato sandunan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, to a nan naka da na hoton sun riga sun dace.

Rufin da ya narke, yanko murfin kwalin faifan CD ka liƙa faci, irin robar da ke karɓar gam ɗin roba ce. Tsohon katin SIM ba ya kamawa da shi.

Maman Zara, Yantala

Sannu Malam. Ni aikin ɗab'i nake yi, katin biki da tambari, kuma na yi wa ɗana irin wannan a kan ƙaramar mota. Tina da asiton ka nisanta su da roba har abada. Je wurin masu gyaran waya ka sayi alkol ɗin da suke wanke allon waya da shi, aisofurofil, mai ƙarfin 90 ko fiye. Cire injin da gilasan tukuna, ka ɗiga a cikin gangar jikin ka gwada, sannan ka jiƙa ta a kwano mai murfi. Kowace awa ka ciro ka cuɗa da tsohon burushin haƙori. Wani fentin yana saki da wuri, wani sai ya kwana.

Fesa fenti kuwa da asuba za ka yi, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin. Zafin Yamai na busar da fenti tun yana iska, ya sauka kamar yashi. Fara da shimfiɗa mai ruwan toka, siririya, sannan launinka sau biyu ko uku, kowanne kamar hazo. Da ka gama ka kifa kwali a kai saboda ƙura. Kada ka shanya a rana, robar za ta lanƙwashe.

Rubutun akwai takardarsa, wadda ake jiƙawa a ruwa ya zame ya hau jiki. Ɗan yayarka ya aiko maka da ita. Ka tuna injin ɗab'i na gida ba ya buga fari, farin takarda yake bari. In harufan hotonka masu haske ne, sayi mai farin baya, a buga launin jikin jirgin kewaye da harufan. In injin mai tawadar ruwa ne, sai an fesa banish a kai kafin ta taɓa ruwa, in ba haka ba tawadar ta zube. A kan fenti mai sheƙi ake ɗora ta, daga baya a rufe da banish marar sheƙi. Auna tsayin harafin da tsayin ƙofar direba a hoton, ka kawo mini lissafin, zan tsara maka a kwamfuta.

Tsohon Direba, Gamkalle

Ɗana, jikana ne ke rubuta mini. Na yi wannan hanya, ƙila ma mun sha shayi da mahaifinka muna jiran lodi. Abu ɗaya zan ce. Ban taɓa ganin kan jirgin nan fes ba. Ƙasansa ja ne wur da ƙurar hanya, rufin baƙi ƙirin daga bakin bututun hayaƙi zuwa baya, gefen tanki kuma gazuwal ya zubo ya kama ƙura ya yi danƙo. Matakalar da direba ke takawa ita kaɗai ke ƙyalli. In ka bar shi sabo fil, ba wanda mahaifinka ya tsaya a gabansa ba ne.

Malamin Zane, Tawa

Baba ya faɗi abin da na manta. Jar ƙasa ta gaske za ta yi, a daka, a tankaɗe da ɗan kyallen atamfa. Sai dai ka bi ta da mayen ƙarfe tukuna, don akwai burbushin ƙarfe a ciki, kuma injinka mayen ƙarfe ne da shi, zai janyo su cikin giya. Shafa da busasshen burushi daga ƙasa zuwa sama, kada ta taɓa inda ƙafa ke ɗaukar wuta. Rufi kuma kunkunniyar fitila.

Ɗan Bukoki, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, alkol ya yi aiki, kwana ɗaya fentin ya saki, robar ba ta ko motsa ba. Malam, na sa gilashin da nake duba allon rediyo a kan hoton, matokari ɗaya ne a tsakiya kamar yadda ka ce, na riga na yanke biyun. Na aika wa direban motar Gaya ya ɗebo mini jar ƙasa a gwangwanin madara, ya ce jibi zai shigo. Baba, in ka yarda ranar Juma'a bayan sallah zan zo Gamkalle da hoton, ka duba mini mutumin da ke tsaye kusa da mahaifina, ko za ka gane shi.