Ta yaya jikokin Maya da Inka suka tayar da harsunansu?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Yaran da ake haifa a Legas, daga Agege har Idi-Araba, sun fi sakin baki da Yarbanci da Turancin buroka a kan Hausa. An ce ƴan asalin Gwatamala, Meziko da Peru sun daɗe suna irin wannan fama da Sifaniyanci. Da me suka fara, a ina kuma aka samu tangarɗa?

Malamar Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam, Malam. Mayawan Gwatamala da rubutu suka fara, kuma ana tsakiyar yaƙin basasar da ya ci rayuka kusan 200,000, akasarinsu Mayawa. A 1987 gwamnati ta amince da haruffa iri ɗaya, aka bar c da qu na Sifaniyanci aka koma k, q da w. A 1990 aka kafa hukumar harsunan Maya, wadda ke kula da harsuna 22. Abin da ya fi ba su wahala ɗan ƙaramin waƙafi ne: k' a K'iche', ɗaya daga cikin harsunan Maya, tamkar ƙ ɗinmu take, in aka yar da alamar sai ma'ana ta sauya, kamar kafa da ƙafa.

Mai littattafai, Obalende:
Gaskiya ne, Malama, sai dai daidaita rubutu ma yana raba kai. Peru ta mayar da Kecuwa, harshen jikokin Inka, harshen hukuma a 1975. A 1985 aka tsayar da wasula uku, a, i, u, domin e da o ba sa fitowa sai kusa da q. Hukumar harshen da ke birnin Kusko na Peru ta kafe a kan wasula biyar. Sai yaro ya ga kalma ɗaya da rubutu biyu, malami ya rasa wanda zai gyara.

Alhaji na Mile 12:
Doka kaɗai ba ta yi. Meziko ta yi tata a 2003, kuma masu jin Nawatil, harshen Aztek, sun haura miliyan 1.6 a ƙidayar 2020. Amma sau da yawa ana tura malami ƙauyen da karin harshensu ba nasa ba ne, ko a koyar da harshen uwa a ajujuwan farko kawai a matsayin tsani zuwa Sifaniyanci. Ƙanena, in a Islamiyya za ku fara, ku nemi malamin da ya iya rubuta ɓ, ɗ da ƙ tukuna, kuma darasin ya kai har aji shida.